Kafin ka ƙona forfe: yadda ake gane mod ɗin da aka kumbura wa taurari

Tambayar nan a kan mod, wato ƙarin da wasu ke ƙirƙira a ɗora wa wasan bidiyo don a sauya shi, ta yi yawa a nan Maradi, daga samarin fada har masu gidajen wasa na Zariya da Ali Ɗan Sofo da Sabon Gari: "Na ga mod da taurari biyar, jama'a sai yabo suke, na sauke, wasa ya ƙi tashi. Yaya zan gane na kirki tun kafin in sauke?" Wani facin wasan ƙwallo na PES ne ya cinye masa giga uku a banza. Wani motar Bussid, wasan tuƙa bas na Indunusiya, ce ta zo masa ba tayoyi. Wani kuwa tun ranar da ya sa GTA San Andreas "mai hoto irin na PS5" wayarsa ke buɗe talla da kanta, ko tana cikin aljihu.

Ga tsarin da nake bi, daki-daki. Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: tauraro ba ya gaya maka ko mod zai yi aiki a na'urarka yau. Abin da yake gaya maka shi ne wasu sun danna maɓalli a wani lokaci, a kan wasu na'urorin da ba naka ba. Wani sa'in ma ba mutane ne suka danna ba.

Kayan da za ka tanada

Duk kyauta ne, kuma ƙanana. A waya: ZArchiver don buɗe fayilolin da aka ƙunshe, da CPU-Z don sanin cikin wayarka. A kwamfuta: 7-Zip. Ga kowa: shafin VirusTotal mai binciken bairos a cikin fayil, wanda ba sai ka girka komai ba, a burauza ake buɗe shi. Sai filash ko memori mai sarari don ajiye kwafin wasanka. Kuɗin da aikin zai ci ba ya wuce 'yan megabait na karanta shafuka, da kamar minti goma zuwa ashirin na lokacinka. Ka auna wannan da abin da giga uku ke ci a layinka, ko Airtel ne ko Moov ko Zamani, sai ka ga wanne ya fi araha.

1. Fara da sanin abin da ke hannunka

Kafin ka kalli tauraro ko ɗaya, rubuta abu huɗu: sigar wasanka, sigar Android ko Windows ɗinka, yawan RAM, da irin injin hoton da ke cikin na'urar. A waya CPU-Z zai nuna maka na ƙarshen: Mali ne, ko Adreno, ko PowerVR.

Mutane suna tsallake wannan matakin, kuma a nan yawancin kuka ke farawa. Wayoyin da suka cika hannun mutanen Maradi, Tecno da Itel da Infinix, galibi injin MediaTek ko Unisoc gare su, da Mali ko PowerVR. Wanda ya ba mod ɗin taurari biyar daga wata ƙasa, mai yiwuwa Snapdragon yake riƙe, mai Adreno da RAM giga takwas. Bai yi maka ƙarya ba, a wajensa wasan yana gudu lafiya. A GTA San Andreas na waya, fayilolin hoto ma sun bambanta bisa irin injin; ka sa na wani injin a naka, ka ga tituna sun yi fari fat ko mutane sun zama baƙaƙen inuwoyi.

Hattara: daga Android 11 zuwa sama, shiga foldar Android/data da Android/obb ya yi wuya. Mod ɗin da ya tara yabonsa zamanin Android 9, bayanin girka shi ma ya tsufa.

2. Gane abin da lambar ke ƙirgawa

Kowane shafi da irin ma'auninsa, kuma wasu ma'aunan tun asali ba su da gurbin suka.

A Nexus Mods, inda ake samun na Skyrim da Fallout da Witcher da sauransu, babu maɓallin "ban so ba". Ko dai ka danna Endorse, ko ka ƙyale. Mutum dubu za su iya sauke mod ya ɓata musu wasa, su goge su tafi, ba abin da zai ragu a lambar. Ƙa'idarsu ita ce sai ka sauke, ka jira minti 15, kafin a bar ka ka yaba. Minti goma sha biyar ya isa ka ga sabuwar riga a jikin jarumi ka ji daɗi, bai isa ka gano cewa mod ɗin zai lalata maka ajiyar wasa bayan awa ashirin ba. Kuma yabon da aka yi wa sigar farko yana nan a kan siga ta goma, ko da an sauya komai a ciki.

A Steam Workshop akwai yatsa sama da yatsa ƙasa, daga su ake fitar da taurari. Wannan ya fi, kuma asusun da bai taɓa kashe dala 5 ta Amurka a Steam ba ba ya da ƙuri'a, abin da ke sa buɗe asusun bogi ya yi tsada. Amma nan ma taurarin na tarawa ne tun ranar farko.

A GTA5-Mods ana rubuta maki da adadin masu ƙuri'a a gefe. Adadin za ka fara kallo, ba makin ba.

A YouTube kuwa, tun Nuwamban 2021 aka ɓoye adadin masu danna yatsa ƙasa. Bidiyo mai laik dubu biyar zai iya kasancewa mutum dubu goma sun tsine masa, kai ba za ka gani ba. GitHub, shafin da masu ƙirar manhaja ke ajiye kayansu, shi ma tauraro kaɗai ake bayarwa, ba a cirewa mutum. A 2024 kamfanin tsaro na Check Point ya fallasa wata ƙungiya da ya kira Stargazers Ghost Network, mai asusun bogi sama da 3,000, aikinsu ya haɗa da jera taurari a kan ma'ajiyar fayiloli masu ɗauke da bairos don su yi kama da abin amana. A 2025 kamfanin ya sake gano hanyar a jikin wasu mod na Minecraft na ƙarya.

Me ya sa mutum zai wahala wajen kumbura lamba a kan abin da ake bayarwa kyauta? Don ba kyauta ba ne a ɓangarensa. Nexus da CurseForge suna ba masu ƙira lada bisa yawan masu amfani da kayansu. Mai bidiyo yana cin kuɗin talla. Mai linkin nan da ke ratsa ka shafuka huɗu kafin ka isa fayil, ana biyansa a kan kowane dannawa. Wanda ya hau saman jeri shi ake gani, wanda ake gani shi ake saukewa.

3. Yi ɗan lissafi

Ba lissafin lakkal ba ne, na kai ne. Dubi lambobi biyu: mutum nawa suka sauke, mutum nawa suka yaba. A al'ada masu yabo kaɗan ne cikin masu saukewa, don yawancinmu muna ɗauka mu wuce. To in ka ga mod da aka sauke sau 400 yana da yabo 350, tsaya. Ko abokan mai shi ne suka yi gayya, ko inji ne.

Kada ka nemi wani kaso tsayayye, babu shi, kowane wasa da halin mutanensa. Abin yi shi ne ka buɗe mod uku ko huɗu na wasa ɗaya, masu shekaru kusan ɗaya, ka ga yadda nasu yake. Wanda ya fita daban da nisa shi ne abin tuhuma.

Sai ƙanƙantar ƙuri'a. Maki 5.0 daga mutum shida bai kai maki 4.5 daga mutum ɗari tara ba. Mutum shida, ai fada ɗaya ce a zaman shayi ɗaya.

A Play Store ka buɗe jadawalin taurarin ka ga siffarsa. Abu na gaskiya yakan samu masu ba shi huɗu da uku, mutanen da suka ce "yana da kyau amma". In ka ga dogon layi a biyar, dogon layi a ɗaya, tsakiya wayam, to ɓangare ɗaya na haya ne, ɗaya kuma waɗanda aka cuta. Irin wannan siffar Kaspersky ya nuna a 2020 lokacin da ya gano manhajoji sama da 20 a Play Store da ke kiran kansu mod na Minecraft, alhali talla kawai suke zubawa, su ɓoye tambarinsu don kada a goge su. Kafin nan, a 2017, ESET ya ƙirga irinsu 87.

Hattara: manhajar da ta ce "ba mu taurari biyar kafin mu buɗe maka motar", ka riga ka san daga ina taurarinta suka fito. Dokar Play Store ma ta hana wannan. Goge ta.

4. Kwanan wata biyu

Ranar da aka sabunta mod ɗin ta ƙarshe, da ranar da wasan kansa ya samu sabuntawa ta ƙarshe. In na wasan ya fi sabunta, akwai alamar tambaya. Sabuntawar Skyrim ta Nuwamban 2021 da ta Fallout 4 ta Afrilun 2024 sun karya ɗimbin mod masu dubban yabo. GTA V yanzu iri biyu ne a kwamfuta tun Maris 2025, Legacy da Enhanced, kuma ba kowane mod na wannan ke shiga wancan ba. Script Hook V, wanda yawancin mod na GTA V ke dogara da shi, yakan daina aiki duk lokacin da Rockstar ta sabunta wasan, sai an jira sabo. Masu Euro Truck Simulator 2 su duba lambar siga a jikin mod, ta dace da tasu daidai.

5. Karanta masu ƙorafi, sababbi tukuna

Wannan matakin shi ne zuciyar aikin, a nan za ka kashe rabin lokacinka.

In za ka sayi ragon layya, kirarin dillali ba ya hana ka buɗe bakin ragon ka duba haƙori da kanka. Sharhin sama-sama kirari ne. Juya jerin zuwa mafi sabunta, ka karanta ashirin na ƙarshe. A Nexus ka shiga sashen Posts da na Bugs. A Play Store ka tace zuwa tauraro ɗaya, biyu, da uku. Masu tauraro uku nake fi amincewa da su, don sun yi amfani da abin har sun ga amfaninsa da aibinsa.

Sharhin wanda ya taɓa abin da hannunsa yana da alama: yana faɗin abu takamaimai. "Yana fita da kansa in na shiga gareji." "Fuskokin 'yan wasa sun yi, amma rigar gola ba ta fito ba." "A Infinix ɗina yana sanyi in ruwa ya fara sauka a cikin wasan." Wanda bai taɓa ba sai ya ce "mafi kyau a duniya", "na gode yaya, yana aiki ɗari bisa ɗari", da wutar emoji uku. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in za a iya ɗauke sharhin a manna shi ƙarƙashin kowane mod na kowane wasa ya zauna daidai, ban ƙirga shi.

Yawancin sharhin da Turanci ne, ko Rashanci, ko Fotugis, ko harshen Indunusiya in na Bussid ne. Kada wannan ya hana ka. Chrome yana juya shafi zuwa Faransanci ko Hausa, kuma ko juyin ya karkace za ka gane mai kuka daga mai guɗa.

Sai ka lura da abubuwan nan yayin karatu. Jimla ɗaya tana maimaituwa a bakin mutane daban-daban, har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Yabo talatin sun zubo a rana ɗaya, sai shiru na wata biyu. An yabi abin da babu shi a cikin mod ɗin. Ko kuma an yaba minti biyu bayan ɗora fayil mai giga huɗu, wanda da wuya a ce an gama sauke shi, balle a gwada.

Akwai kuma shirun da ya fi surutu faɗar gaskiya. A Nexus da Steam Workshop da YouTube, mai kaya yana da ikon goge sharhin da ke ƙarƙashin kayansa, ko ya rufe sashen gaba ɗaya. Mod babba da dubban mutane suka sauke, a ce ba mutum ɗaya da ya taɓa samun matsala? Babu wannan. Ko mafi ingancin mod yana da wanda ya girka shi ba daidai ba ya zo yana faɗa. Shafin da ya yi tsaf, shara aka yi. Wani lokaci za ka ga amsar mai kaya tana rataye, "ka sake karanta bayani", amma tambayar da yake amsawa ta ɓace.

Ni a ganina, mod mai jerin matsaloli ashirin da mai shi ya bi ɗaya-ɗaya yana rubuta "an gyara a siga ta gaba" ya fi mod mai taurari biyar da ba a taɓa jin muryar mai shi ba.

Hattara: suka ma ana yin ta haya. Masu ƙira biyu su yi faɗa, magoya bayan wannan su je su yi wa wancan ruwan tauraro ɗaya. In ƙorafin a kan halin mai ƙira ne ko ƙasarsa, ba a kan fayil ba, tsallake shi.

6. Leƙa masu yabon

Zaɓi biyar cikin masu yabo mafi zafi, danna sunayensu. Yaushe aka buɗe asusun? Me kuma suka taɓa yabawa? In duk biyar ɗin an buɗe su mako ɗaya, ba hoto, kuma kayan mutum ɗaya kaɗai suke bi, ka samu amsarka. Minti uku ya isa.

Leƙa mai ƙirar shi ma. Wanda ya shekara biyar yana fitar da kaya, da tarihin gyare-gyare a rubuce, daban yake da wanda ya bayyana jiya da mod goma sha biyu na wasanni daban-daban. Irin na biyun sau da yawa kayan wasu ya kwaso ya sake wa suna. Kwafi sunan mod ɗin ka nema a Google; in ka samu asalin, can za ka sauke.

7. In ta YouTube, Telegram ko WhatsApp ya zo

Mu faɗi gaskiya, yawancin samarin garin nan ba ta Nexus suke samun kaya ba. Bidiyo ne, da linki a ƙasa, ko fayil da aka turo a guruf, ko wanda aka karɓa ta Xender wajen mai tura fina-finai a kasuwa. A nan ma'aunin ya fi ko'ina lalacewa, don "ku danna laik ku yi sharhi kafin in ba da kalmar sirri" ya zama ruwan dare. Duk sharhin da ke ƙarƙashin irin wannan bidiyon kuɗin shiga ne mutane suka biya, ba shaida ba.

Kalli bidiyon da idon mai saye. Shin ya nuna girkawa daga farko har wasa ya tashi a waya, ba yanka? Ko ya nuna buɗe fayil, sai kwatsam ga fili mai ciyawa tana kaɗawa, wanda daga PS5 aka ɗauko? Duba maɓallan da ke kan allo: in babu maɓallan taɓawa, ba a waya aka buga ba.

Masu PPSSPP, manhajar buga wasannin PSP a waya, su san wannan: PES na ƙarshe da Konami ta fitar a PSP shi ne PES 2014. Duk wani "eFootball 2025 PPSSPP" tsohon injin nan ne aka sauya wa riguna da fuskoki da jerin 'yan wasa, ta foldar TEXTURES da SAVEDATA. Wannan ba laifi ba ne, wasu facin suna da kyau ƙwarai, kuma daɗi ne ka ga Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, da rigarta a ciki. Amma wanda ya ce maka motsin 'yan wasa ya zama na PS5, yabonsa na bogi ne ko na rashin sani. Haka "GTA 5 na Android": Rockstar ba ta fitar da GTA V a waya ba. Ko San Andreas ne aka yi wa kwalliya, ko tarko.

Hattara: kada ka tura kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money don a ba ka linki, saboda ka ga hotunan "kwastomomi" suna godiya. Hoton hira da waya biyu ake haɗa shi. In na gari ne mai sayarwa, ka je da wayarka ya girka a gabanka, ka buga wasa ɗaya cikakke, sannan ka biya.

8. Sauke, amma kada ka buɗe tukuna

Fara da kallon wutsiyar sunan fayil. Motar Euro Truck .scs ce. Facin PES na kwamfuta galibi .cpk ne. Minecraft na kwamfuta .jar, na waya .mcpack ko .mcaddon. Wasan PPSSPP .iso ko .cso. Fentin motar Bussid hoton PNG ne kawai. In ka nemi fentin mota aka ba ka .apk ko .exe, ba fenti ba ne. Windows yana ɓoye wutsiyar suna in ba ka kunna ta ba, shi ya sa "mota.zip.exe" ke fitowa kamar "mota.zip". Kunna ta a saitin folda sau ɗaya, ka huta.

Girman fayil ma ya dace da alkawari. Facin da ya ce ya ƙunshi filaye hamsin da fuskoki dubu ba zai zo a megabait biyar ba.

Sai VirusTotal. Yana karɓar fayil har megabait 650, ya gwada shi da injunan tsaro sama da sittin. In facinka ya fi haka girma, buɗe ƙunshin da 7-Zip ko ZArchiver ba tare da ka kunna komai ba, ka tura ƙananan da ke iya aiki da kansu: .exe, .dll, .asi, .apk, .jar. Su ne masu haɗarin, kuma su ne marasa cin forfe. Inji ɗaya ko biyu da ba a san su ba su yi ja, wannan yakan faru da kayan mod na gaskiya, don suna kutsawa cikin wasa kamar yadda bairos ke yi. Amma manyan sunaye goma su haɗu a kan fayil ɗaya, goge shi, ko taurari nawa gare shi.

Wannan matakin ba ya faɗuwa ko da ka tabbatar yabon na gaskiya ne. A 2015 mod ɗin Angry Planes na GTA V ya yi suna sosai, har kafafen labaran wasanni sun yaɗa shi, daga baya aka gano yana ɗauke da manhajar da ke naɗe abin da mutum ke bugawa a kibod. A Yunin 2023 an kutsa asusun wasu masu ƙira a CurseForge aka cusa bairos ɗin da aka sa wa suna Fractureiser cikin kayan Minecraft da mutane suka daɗe suna amincewa da su. Taurarin na halal ne, fayil ɗin ne aka sauya a ƙarƙashinsu.

Hattara: ƙunshi mai kalmar sirri injin bincike ba ya ganin cikinsa, sai ka buɗe ka tura abin da ke ciki. Kuma duk bayanin girkawa da ya fara da "kashe antibairos" ko "kashe Play Protect", ka tambayi kanka wa hakan zai amfana. A waya, mod na wasa ba shi da hujjar neman karanta saƙonninka, ko lambobin mutanenka, ko izinin sarrafa allo. Wayar da kake karɓar lambar sirrin kuɗi a kanta ba wajen gwaji ba ce.

9. Ajiye kwafi, gwada ɗaya-ɗaya

Kwafi foldar ajiyar wasanka zuwa filash ko memori, da duk fayil ɗin da mod zai hau kansa. Masu gidan wasa su ware inji ɗaya na gwaji. Kada a zuba sabon faci a duka injuna ranar Asabar da yamma yara na layi.

Caja waya ta cika, kwamfutar tebur kuma a jira lokacin da wuta ta zauna. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafe fayil mai giga biyu, fayil ya gutsure, gobe ka je ka ba mod tauraro ɗaya alhali ba laifinsa ba ne.

Sa mod ɗaya, kunna wasa, buga. Ba minti biyar ba. A ƙwallo ka buga wasa cikakke, ka shiga Master League ka wuce 'yan makonni, don can facin banza ke tonuwa. A GTA ka yi aiki ɗaya, ka ajiye, ka fita, ka dawo ka ɗora ajiyar. A waya ka kai rabin awa, don zafin Maradi na watan Afrilu da Mayu yana sa waya ta rage gudu da kanta, kuma mod mai nauyi sai ta ɗumama yake nuna halinsa. In ya wuce, sannan ka ƙara na biyu. Wanda ya zuba goma lokaci ɗaya, in wasa ya faɗi bai san wa zai kama ba. A kwamfuta Vortex ko Mod Organizer 2 suna sauƙaƙa kunnawa da kashewa a wasannin da suke ɗauka.

Hattara: duk wannan na wasan da kake bugawa kai kaɗai ne. Mod a Free Fire, PUBG Mobile, eFootball na intanet ko GTA Online, komai yabon da aka yi masa da alkawarin "ba a kamawa", yana iya jawo a rufe maka asusu da duk abin da ka saya a ciki. Waɗanda aka rufe wa ba sa dawowa su janye yabon da suka yi ranar farko.

10. Taka ƙuri'ar

Bayan mako ɗaya kana amfani da shi, koma ka rubuta abin da ka gani. Layi biyu sun isa: irin wayarka ko kwamfutarka, sigar wasan, abin da ya yi, abin da bai yi ba. Masu Tecno da Itel ba su cika rubutawa ba, shi ya sa mai neman sanin ko abu zai tashi a RAM giga biyu yake rasa wanda zai tambaya. Ko da Hausa ko Faransanci ka rubuta, sunan wayar da lambar siga kowa zai gane su.

Sai maganar da ba a so. Ƙaninka ko abokin fada ya yi fentin motar Bussid da sunan garinku a goshi, ko ya haɗa rigunan Mena, ya turo linki: "Don Allah kowa ya danna mini biyar." Sauke ka gwada tukuna. In ya yi, ba shi, ka faɗi abin da ya burge ka. In lambar bayan riga ta karkace, gaya masa a gefe ya gyara kafin baƙi su gani, don su ba za su ji kunyarsa ba. Kuma shafukan suna hukunta wanda aka kama yana haɗa ƙuri'u da asusu da yawa, har a rufe nasa.

In kuwa ka ci karo da mai bairos, kada ka tsaya a sharhi, mai kaya zai goge. Yi amfani da maɓallin kai ƙara na shafin, wanda ke zuwa wajen masu kula ba wajen mai kaya ba, ka manna linkin sakamakon VirusTotal. In ka riga ka kunna fayil ɗin, cire na'urar daga intanet, ka sauya kalmomin sirrinka daga wata na'urar daban, ka fara da na imel da na kuɗi, sannan Facebook da asusun wasa. Ka kuma sanar da duk wanda ka tura wa ta Xender.